Wa Yake Jinyar Mai Jinya? Tarihin Rabaran Mary Webster da Masu Riƙon Tsofaffi a Ingila

Karatu: Yahaya 19:25-27, 1 Timoti 5:3-16

 A wannan mako tarihi za mu ba ku. Tarihin kuwa na ƙasar Ingila ne, inda aka yi shekara fiye da 300 ana kafa dokoki a kan tsofaffi, ba a taɓa tunawa da mutumin da yake tsaye a bakin gadon tsohon ba, sai da wata baiwar Allah ta buɗe baki a shekara ta 1963. Wataƙila wata a cikinku tana jinmu yanzu, rediyo a gefe, hannunta kuwa yana cikin ruwan wankin zannuwan mahaifiyarta. Wataƙila wani bai runtsa ba daren jiya saboda tsohonsa yana ta kira. To, ku kasa kunne, gama maganar taku ce.

Yadda Ingila ta riƙe tsofaffinta a dā

A shekara ta 1601, zamanin Sarauniya Alisabatu ta Farko, majalisar Ingila ta kafa dokar matalauta. Dokar ta ce kowace gunduma ta tara kuɗi daga masu hali domin ciyar da gajiyayyu. Gunduma a lokacin ita ce yankin majami'a guda, masu lura da majami'a kuma suna cikin masu rabon taimakon. Amma an sa sharaɗi. In tsoho yana da 'ya'ya masu hali, su ne za su riƙe shi, alƙalai kuma suna da ikon tilasta musu.

A 1834 aka sake dokar, aka tsananta ta. Aka giggina manyan gidaje inda ake tara matalauta, ana ba su abinci da makwanci, masu ƙarfi a cikinsu kuma suna yin aikin wahala. Da gangan aka sa zaman gidan ya zama da ɗaci, don kada kowa ya yi marmarin shiga. Maza suna gefe guda, mata suna gefe guda, har sau da yawa akan raba tsoho da matarsa bayan sun yi shekaru masu yawa tare. Tsoron wannan gida ya shiga zuciyar talakawa ƙwarai. Iyali da yawa sun gwammace su matsu a ɗaki guda da a ce iyayensu sun ƙare kwanakinsu a can.

Sauƙi ya fara zuwa a 1908, sa'ad da aka kafa dokar fanshon tsufa. Daga watan Janairu na 1909, wanda ya kai shekara 70, ba shi kuma da wani abin kirki a hannu, yakan je gidan waya ya karɓi sule 5 kowane mako. Kuɗin kaɗan ne, amma ya sa tsoho ya iya zama a gidan ɗansa yana kawo ɗan abin cefane.

Likitar da ta tashe su daga gado

A 1935 asibitin West Middlesex, a yammacin Landan, ya karɓi ɗakunan marasa lafiya na ɗaya daga cikin gidajen matalautan nan. Aka danƙa wa wata likita mai suna Marjory Warren mutum 714, yawancinsu tsofaffi, waɗanda aka riga aka yanke ƙauna a kansu. An bar su a kwance dare da rana, gaɓoɓinsu sun sandare, jikinsu ya yi gyambo saboda daɗewa a kan gado.

Wannan likita ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sai ta tarar yawancinsu suna da cuta wadda take da suna, take kuma da magani ko hanyar samun sauƙi. Ta sa aka ƙara haske a ɗakunan, aka shafa wa bango fenti. Ta sa aka riƙa ta da su zaune, ana koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya da cin abinci da hannunsu. Da yawa suka miƙe, aka sallame su. Daga aikinta ne ilimin likitancin tsofaffi ya kafu a ƙasar, har a 1947 ita da waɗansu likitoci suka kafa ƙungiya domin wannan fanni.

A 1948 kuma aka yi manyan canje-canje biyu. Ran 5 ga Yuli aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, kowa ya sami ganin likita kyauta. A shekarar kuma aka soke tsohuwar dokar matalauta, aka daina tilasta wa 'ya'ya riƙon iyaye ta hanyar shari'a. Mutane suka ɗauka an gama da matsalar tsufa.

Amma tsohon da aka sallama daga asibiti, gida yake komawa. A gidan kuwa dole wani ya dafa masa abinci, ya yi masa wanka, ya kai shi bayan gida, ya tashi da tsakar dare. Wani mai bincike, Peter Townsend, ya zauna da tsofaffi wajen 200 a unguwar Bethnal Green a gabashin Landan, ya fitar da abin da ya gani a 1957. Ya nuna iyali ne suke ɗauke da yawancin nauyin, a cikin iyalin kuma 'ya'ya mata ne a gaba. A al'adar lokacin, in akwai 'yar da ba ta yi aure ba, ita ake duba. Sauran sukan ce ai ba ta da miji ba ta da yara, sai ta zauna da su Baba.

Fasto ta ajiye aikinta

Mary Webster tana cikin irin waɗannan mata. An haife ta a 1923. Ta zama fasto a ɗarikar da ake kira Congregational, inda kowace ikilisiya take tafiyar da al'amuranta da kanta, ɗarikar da ta fara naɗa mace fasto tun 1917. A 1954, tana da shekara 31, ta ajiye aikin ikilisiya ta koma gida domin jinyar iyayenta. Ku yi tunanin wannan. Ta yi karatu, an ɗibiya mata hannu, tana da garken da take kiwo, ga ƙarfin ƙuruciya. Duk ta bari saboda uwa da uba suna bukatarta.

Shekaru suka yi ta wucewa tana cikin wannan hidima, tana kuma auna abin da yake samun mata irinta. Macen da ta bar aiki ba ta da albashi. Ba ta biyan kuɗin da zai zama mata fansho in ta tsufa. Abokai sukan zo da fari, sa'an nan ƙafa ta ɗauke. Ba ta iya fita sujada ko kasuwa sai ta sami wanda zai tsaya mata. Ran da iyayen suka rasu kuwa, ita kanta ta fara manyanta, ba aiki, ba ajiya, wani lokaci ma gidan da ta yi jinyar a ciki ba nata ba ne. Ba wata doka da ta san da zamanta, ba ma sunan da ake kiran aikin da take yi.

A watan Janairu na 1963 Rabaran Webster ta kai maganar gaban jaridu. Ta kwatanta matan nan da waɗanda aka yi wa ɗaurin talala a cikin gidajensu. Ba ta ce a raba su da iyayensu ba, ba ta kuwa ce jinyar iyaye kuskure ne ba. Abin da ta nema shi ne ƙasa ta gan su, ta kuma tallafe su. Da maganar ta fita sai wasiƙu suka yi ta zuwa mata daga ko'ina cikin ƙasar. Mata da yawa da suka yi shekaru suna zaton su kaɗai ne cikin wannan hali suka gane ashe suna da 'yan'uwa barkatai.

A 1965 ta kafa ƙungiya ta ƙasa domin mata marasa aure da waɗanda suke riƙo. Ta nemi goyon bayan manya ba tare da duban jam'iyya ba. Cikin waɗanda suka tsaya mata akwai Nancy Seear, malamar jami'a a Landan, da Keith Joseph, ɗan majalisa. A 1967 aka sami nasara ta fari: gwamnati ta ƙara rangwamen haraji ga mace mara aure mai riƙon danginta gajiyayye. Bayan shekara biyu, a 1969, Mary Webster ta rasu tana da shekara 46. Ba ta ga yawancin amfanin abin da ta shuka ba.

Abin da ya biyo baya

Ƙungiyar ba ta mutu da ita ba. A 1970 Keith Joseph ya zama ministan da yake lura da lafiya da jin daɗin jama'a, a 1971 kuma aka fara biyan alawus ga naƙasassu da tsofaffin da ba sa iya zama sai da mai kula da su dare da rana. A 1976 aka fara biyan mai jinyar kansa, wato wanda ya kasa yin aikin albashi saboda yana kula da wani. Wannan ne karo na fari da gwamnatin ƙasar ta sa kuɗi a hannun mai jinya saboda jinyar. A 1978 aka ƙara wata doka domin shekarun da mutum ya yi a gida yana jinya kada su rage masa fansho.

Amma alawus ɗin 1976 yana da babban giɓi. An hana matan aure, bisa ga tunanin cewa matar aure dama a gida take, jinya kuma aikinta ne. Wata mata, Jacqueline Drake, wadda ta bar aikinta domin kula da mahaifiyarta, ta ƙi yarda. Ta kai ƙara, maganar ta yi ta hawa har kotun ƙungiyar ƙasashen Turai. A watan Yuni na 1986 kotun ta ba ta gaskiya, matan aure kuma suka shiga cikin masu karɓa.

Kuɗi kaɗai bai isa ba, gama abin da mai jinya ya fi ƙishi shi ne hutu. A 1974, a garin Rugby, aka fara wani shiri mai suna Crossroads. Ana horar da mutum, a aike shi gida ya karɓi mai jinya na 'yan awoyi, domin ya yi barci, ko ya je asibiti don kansa, ko ya ziyarci wani. Shirin ya bazu zuwa garuruwa da yawa.

A 1981 Judith Oliver, wadda take jinyar mijinta, ta kafa wata ƙungiya domin kowane irin mai jinya, mace ko namiji, mai aure ko mara aure. A 1988 ƙungiyarta da ta Mary Webster suka haɗu suka zama ɗaya, wadda tun 2001 ake kira Carers UK. A 1995 majalisa ta kafa dokar da ta ba mai jinya iko ya nemi hukuma ta duba bukatunsa shi ma, aka kuma ƙarfafa wannan iko a dokar 2014. Daga watan Afrilu na 2024 ma'aikaci yana da izinin ɗaukar hutun mako guda a shekara, ba albashi, domin jinyar nasa.

Ƙidayar jama'a ta 2001 ita ce ta fara tambayar mutane ko suna jinyar wani ba da lada ba. A ƙidayar 2021 an sami mutum wajen miliyan 5 a Ingila da Wales masu wannan aiki, wajen miliyan 1.5 daga cikinsu kuwa suna yin awa 50 ko fiye a kowane mako. Kada mu ɗauka an gama gyara. Alawus ɗin mai jinya a Ingila sai wanda yake yin awa 35 a mako, kuɗin kuma kaɗan ne, masu karɓa suna kuka da shi har yau. Amma yanzu an san da su, ana ƙirga su, suna kuma da bakin magana.

Abin da tarihin yake faɗa mana

'Yan'uwa, tun kafin a yi ƙasar Ingila ikilisiya ta san wannan magana. A karatunmu na fari, Ubangiji yana kan gicciye cikin azaba, duk da haka ya duba mahaifiyarsa, ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna. Daga ranar ta koma gidan almajirin. A karatu na biyu Manzo Bulus ya ɗora riƙon gwauraye a kan 'ya'yansu da jikokinsu da fari, ikilisiya kuma ta ɗauki waɗanda ba su da kowa. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni a kan rabon abincin gwauraye ne ya sa aka zaɓi mutum 7 aka ba su wannan hidima. Wajen shekara ta 251, ikilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da gajiyayyu fiye da 1,500.

Mun riƙe rabin koyarwar da kyau. Muna gaya wa 'ya'ya su girmama iyaye, muna kuma tsawata wa wanda ya yar da nasa. Rabin da muke mantawa shi ne wanda Rabaran Webster ta tuna wa ƙasarta: wanda ya yi biyayya ya ɗauki kayan, shi ma mutum ne mai gajiya.

Yawancinmu ba mu da gwamnatin da za ta biya mai jinya alawus. Muna kuma fahariya cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, gaskiya ne kuwa, abin godiya ne. Amma in muka ce iyali ne suke riƙon tsoho, bari mu tambaya, wane ne a cikin iyalin? Sau da yawa mutum ɗaya ne. Ko 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗa wadda take da nata yara, ko jikar da aka cire daga makaranta aka kai ƙauye wurin kaka. Sauran 'ya'yan suna birni. Sukan zo da Kirsimati da buhun shinkafa, su ga tsohuwa ta rame, su yi faɗa, su koma. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a gidaje da yawa hannu ɗayan ne yake ɗauka shekara da shekaru.

Ga abin da muke roƙo. Dattawan ikilisiya, ku rubuta sunayen tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada, kusa da kowane suna kuma ku rubuta sunan mai jinyarsa. In kun je ziyara, bayan kun gai da mara lafiya, ku juya ku tambayi mai jinya yaushe rabonta da barcin kirki, ko ita ma tana da ciwon da take ɓoyewa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa, abin da aka yi a Rugby ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ku shirya karɓa-karɓa, mutum biyu su je su zauna da tsoho daga safe zuwa azahar, domin 'yar'uwarmu ta je sujada, ko kasuwa, ko ta rufe ƙofa ta kwanta. In akwai ma'aikacin asibiti a cikinku, ya koya wa masu jinya abin da Likita Warren ta nuna: a riƙa juya wanda yake kwance bayan kowace awa biyu don kada ya yi gyambo, a ta da shi zaune in zai iya, a bar shi ya yi wa kansa abin da hannunsa yake iyawa, kada kuma a ce tsufa ne kawai a ƙi kai shi wurin likita.

Haka kuma tsohuwar da ta fara mantuwa, tana kiran waɗanda suka mutu, tana fita da dare, ko tana zagin mai ba ta abinci. Wannan gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa tun 1906. Kada a kira ta mayya, kada kuma a zargi mai jinyarta da cewa ita ta yi mata wani abu.

Ku 'ya'yan da kuke nesa, ku zauna ku raba nauyin da baki, kowa ya san abin da zai kawo a wata da makon da zai zo ya kwana. Ku tuna wadda ta zauna a gida ta bar sana'arta domin ku sami damar yin taku. In ana rabon gado, kada a manta da shekarun da ta ba da. In jika ce take jinya, ku nemi hanyar da za ta koma makaranta.

Ke kuma 'yar'uwa mai jinya, da kai ɗan'uwa, in kun gaji ku faɗa. In wata rana haƙuri ya ƙare kun ɗaga murya, ku nemi gafara, ku kuma nemi wanda zai karɓe ku. Neman taimako ba rashin ƙaunar iyaye ba ne. Mary Webster ta yi wajen shekara 9 kafin ta yi magana a fili, da ta yi kuwa sai ta tarar mutane da yawa suna jiran wanda zai fara.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka saboda iyayenmu da kakanninmu da ka ba tsawon rai. Muna kawo maka waɗanda suke jinyarsu, waɗanda ba sa barci, waɗanda suka bar aiki da makaranta, waɗanda ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Ka sabunta ƙarfinsu, ka biya bukatunsu. Ka gafarta mana inda muka bar mutum ɗaya da kayan da ya kamata mu ɗauka tare. Ka buɗe idon ikilisiyarka ta gan su, ka ba mu zuciyar zuwa mu karɓe su tun cikin wannan mako. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.